Bari In Taka Maka

Sandar kafilina ce ta mayar da ni saman dutsen. Ni Ya'u, shekara tara ina kula da kafilin nawa, wato ubangidana tsoho Othman, a Jidda, da za a kai shi asibiti a Japan ma ni aka ɗauko. Wata rana a can mun je kallon kangon wata tsohuwar fadar mayaƙa a kan wani dutse. Sai da muka sauko, dab da magariba, ya ce, "Yalla Ya'u, na bar sandata."

Ba sauran gini a can, sai ganuwar duwatsu da matakala mai gansakuka. Hazo ya sauko, ko'ina warin jiƙaƙƙen itace. Da na isa inda ƙofa take a da, bakina ya yi sallama da kansa. Haka aka tarbiyyantar da mu, ko kango ne.

Na ɗauki sandar. Sai wata murya dab da kunnena, da Hausa tsantsa:

"Har za ka tafi? Bari in taka maka."

"To," na ce. Wallahi iyakar abin da na ce ke nan.

Taku a bayana, saf, saf.

Na tsaya, ya tsaya.

Ban yi gudu ba. Ko tsoron ma ban ji ba, jikina ne kawai ya mutu, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Takun ya bi ni otal. Ya bi ni jirgi. Ya bi ni har Jidda, lungunmu na unguwar Sa'alaba, ƙofar ɗakin da matata Sajida take goyon 'yarmu. A nan na ƙi shiga.

Gwaggona Fatu ta fito, ta ji labarin, ta dafe ƙirji. "Kai sakarai! Mai rakiya yana juyawa ne ba ka sallame shi ba? Maza ce masa ya koma!"

Na juya ga lungun. "Koma haka nan, na gode."

Na kasa kunne.

"Ai na yi nisa," in ji muryar. "Yanzu kai za ka taka min."

Tun ranar, magariba na yi ƙafafuna su kama hanya, ban san na fita ba. Da farko a bakin layi Sajida take samuna. Makon jiya sai a unguwar Kilo Goma, can nesa da gida. Jiya ta biyo ni a tasi har bayan gari, ta riƙe rigata tana kuka, ƙafafuna duk jini.

Na dube ta, ban ji komai ba. Ina dai jira ne ya ce min in koma haka nan.