Garin Ƙasan Kwalba

Da hantsi Majo Samira, shugabar wani ƙaramin ɗakin shan magani a Madarumfa, ta faɗo ofishin Insifekta Ashiru.

"An kwashe kwalabe ashirin daga firijo. Allurar rigakafi ce ta masu ciki. Jibi matan Safo za su zo, me zan ce masu?"

Ashiru ya bi ta. Shekara biyu ke nan da aka kawo shi garin ba iyali, aiki ne kawai abokin hirarsa.

Kwaɗon firijon lafiya lau. Ya ɗaga kwalba ɗaya da ta rage, sai ya ga wani farin gari kwance a ƙasa.

"Wannan fa? Ta lalace ne?"

"A'a, shi ke ƙara wa allurar ƙarfi. Sai an girgiza ya haɗu da ruwan. Kullum ina faɗa wa ma'aikata."

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni, sai Alhassan mai shara."

Alhassan dattijo ne, yatsansa ɗaure da tsumma.

"Baba, me ya sami hannunka?"

"Lauje ne, ranka ya daɗe."

Lauje a watan da ko ciyawa babu?

Bayan katanga Ashiru ya tsinci kwalaben, an ɓamɓare bakinsu da wuƙa, da busasshen jini a jikin ɗaya. Ɓarawon kirki kasuwar Ɗan Issa zai kai su a cike ya sayar. Wannan kuwa zubarwa ya yi.

Gidan Alhassan yana can ƙarshen gari. Ashiru ya yi sallama sau uku, ba ko maƙwabcin da ya leƙo. Da Alhassan ya fito ya shigar da shi, tun daga zaure wari ya tare shi.

"Matata Ɗelu ce," in ji Alhassan, kansa a ƙasa. "Ciwon daji ne na bakin mahaifa. Shekara guda tana zubar jini. A asibitin Maraɗi suka ce mu koma gida. Har ƙannenta sun daina zuwa."

"Kwalaben fa?"

"Ni ne. Na ji Majo ta ce ƙarfin yana cikin garin. Na ce ai kamar jiƙo ne. Na tsiyaye ruwan, na dama mata garin a koko."

Wallahi tausayi ya kama Ashiru.

"Haba Baba! Wannan ta wani ciwon ce daban. Rigakafi kuma ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Nata ciwon kuwa ya wuce allura."

Alhassan ya ɗago kai.

"Ta ce ta ji sauƙi."

"Tashi mu je."

"Bari in matsa mata tulu kusa da tabarma. Ba mai ba ta ruwa."

Ashiru ya jira shi a zaure. Suna fita, wata siririyar murya ta biyo su daga ɗaki.

"Malam, in ka dawo ka taho da sauran maganin."