Tanderun Gwaggo Sa'ida

Ranar Asabar da hantsi Alhaji Nazir ya shigo caji ofis yana sharce gumi. Da ya faɗi abin da aka sace, sai Sufeto Isiyaku ya ajiye biro ya dube shi da kyau.

"Tanderu fa ka ce, Alhaji? Na gasa gurasa?"

"Shi fa, Yallaɓai. Na mahaifiyarmu ne, Gwaggo Sa'ida ta Yakasai, wurin uwarta ta gaje shi. Tun jiya da ta tarar babu shi, ko koko ba ta sa a bakinta ba."

Sufeto Isiyaku ba shi da haƙuri da ƙarar banza. Amma ya sha cin gurasar Gwaggo Sa'ida da ƙuli da yaji, don haka ya ɗauki bironsa.

Alhaji Nazir shi ne ƙaramin ɗa, ɗan kasuwar atamfa. Ya ce tsohuwar madafar gidan ɗan kurkukun ɗaki ce, da damina gumi da hayaƙi su haɗu har tsohuwa ta fara tari. Shi ya sa ya ɗauko magini mai suna Gwadabe ya gina mata sabuwa buɗaɗɗiya a bayan gida. Ranar Alhamis aka haƙo tanderun aka ajiye a ƙarƙashin rumfa. Ranar Juma'a, maza na masallaci, mata sun tafi gaisuwa Dukawuya, tanderun ya yi ɓatan dabo.

"Wa kuke zargi?"

Wani siririn mutum da ke tsaye a bayan Alhaji ya gyara murya. Malam Hashim ke nan, yayansa, malamin firamare.

"Ni na ga Gwadabe da idona bayan an sauko daga Juma'a. Ya fito ta ƙofar baya yana tura baro, ya lulluɓe wani abu da buhu."

Malam Hashim ya rubuta shaidarsa, ya sa hannu. Kafin azahar Saje Ado ya kawo Gwadabe.

"Ina kake jiya daga ƙarfe biyu zuwa la'asar?" in ji Sufeto.

"Ina gida kwance, Yallaɓai. Ciwon kai."

"Ciwon kan ne ya shafa maka shuɗin fenti a farce? A gidan Gwaggo an kai ga fenti ne?"

Gwadabe ya ɓoye hannuwansa, ya sunkuyar da kai. Ashe wani shago ya je gyarawa a Ƙofar Wambai, alhali ya yi wa Alhaji alkawarin ba zai taɓa wani aiki ba sai ya gama nasa. Shaida kuwa babu, don mai shagon ya ba shi makulli ya yi tafiya.

"Ƙarya dai na yi, amma ban yi sata ba," in ji Gwadabe. "Shekara talatin ina shiga gidajen mutane har inda matansu suke, ko ƙusa ban taɓa ɗauka ba. In aka kai ni kotu ranar Litinin da sunan ɓarawo, wa zai ƙara buɗe min ƙofarsa a cikin birnin nan? Sana'ar ta mutu ke nan."

Sufeto ya sa aka mai da shi bayan kanta, ya karɓi tef ɗinsa na awo.

Da la'asar ya isa Yakasai. Soron gidan cike yake da bulo da buhunan siminti tun ranar Laraba, sai da ya karkace ya rage tumbi kafin ya wuce. Alhaji Nazir ya ja shi bayan gida, ya shiga nuna masa aiki kamar mai tallan amarya.

"Dubi tsayin rufin, Yallaɓai, don zafi ya hau sama. Nan bango muka yi ta gabas, saboda ta nan ruwa ke bugowa. Sauran ɓangarorin bulo mai huji ne, iska ta shiga ta fita. Daɓen ma an ɗaga shi, an yi masa gangara zuwa kwata. Nan famfo, nan gurbin tanderu."

"Sai dai babu tanderun," in ji Malam Hashim daga gefe. Bai ko ɗaga ido ya dubi ginin ba.

Sufeto ya tsuguna. Inda aka ajiye tanderun ya bar shati a kan yashi, ga kuma alamar inda cikinsa ya jingina da bango. Ya auna, ya tashi ya auna ƙofar baya. Ya sake aunawa. Cikin tanderun ya fi ƙofar da faɗin tafin hannu guda.

Ta soro kuwa, shi kansa da ƙyar ya wuce. Ya naɗe tef ya sa aljihu. Kaya dai suna cikin gida, amma gidan gado ne mai sassa, ba a faɗa wa ɗakunan matan aure da bincike haka kawai.

Gwaggo Sa'ida na zaune a bakin ɗakinta da carbi, idanunta sun faɗa.

"Sannu da zuwa, ɗan nan. Ka ga aikin da Naziru ya yi min ko? Allah ya yi masa albarka, Allah ya ƙara buɗi. Ni dai roƙona ku samo shi kafin ya sha sanyi."

"Sanyi kuma, Gwaggo, a wannan zufar?"

"Danshi nake nufi. Tanderun da aka ciro daga ƙasa da damina, jan ruwa yake kamar soso. Dole a riƙa sa masa 'yan garwashi safe da yamma. In ya kwana uku babu ɗumi, ranar da aka hura masa wuta sai ya tsage, shi ke nan."

"Wa ya san wannan?"

"Duk wanda ya tashi a gidan nan."

"Ni dai yau na fara ji," in ji Alhaji Nazir yana dariya.

"Kai ai kana kasuwa. Babban ne ke min irin wannan."

Babban shi ne Malam Hashim. Ɗan fari ne, kuma Gwaggo irin matan zamanin da ce, ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta yabe shi a gaban mutane. Sufeto ya saci kallonsa. Sau biyu aka sa wa ƙanensa albarka, sau biyu jijiyar wuyansa ta motsa.

Washegari Lahadi Sufeto ya dawo ba kaki. Bai shiga gidan ba, ya tsaya wurin mai gawayin bakin lungu, ya yi masa barka da kasuwa.

"Ina kasuwa, tunda Gwaggo ta daina gashi?" in ji mai gawayi. "Da ba don Malam Hashim ba, ai da gidan nan ko leda ɗaya ba su saya ba. Shi ne dai tun Juma'a yake zuwa, safe leda ɗaya, yamma leda ɗaya."

"Da can yana saye?"

"Ina fa. Su 'yan gas ne."

Sufeto ya kira Saje Ado, suka yi sallama a sashen Malam Hashim. Matarsa Bahijja ta fito da hijabi.

"Malama, gawayin da Malam ke sayowa, na mene ne?"

"Na guga ne. Kun san halin wuta."

"To a nuna min dutsen gugar gawayin."

Ta ce an ara. Da aka tambaye ta wa ya ara, sai idonta ya tafi kan wani ɗaki a ƙarshen sashen, ɗakin da marigayi mai gidan ke ajiye littattafai. Da kwaɗo a jiki. Sufeto ya je ya ɗora tafin hannu a kan ƙyauren, ya ji shi da ɗumi.

Daidai nan Malam Hashim ya shigo da leda baƙa a hannu. Ya ga Sufeto, ya ga inda hannunsa yake, ya tsaya cak.

"Malam, a ba mu makulli, ko Saje ya nemo guduma?"

Ya miƙa makullin. Ga tanderun nan a tsakiyar ɗaki, an ɗora shi a kan bulo uku don kada ya taɓa ƙasa, an kewaye gindinsa da tsohon bargo. A cikinsa ɗan kasko ne da garwashi a rufe da toka. Ko ƙwarzane babu a jikinsa.

"Ɓarawon gaske da sai ya bar shi ya tsage," in ji Sufeto. "Kai ka kasa."

Kafin ka ce kwabo gida ya taru. Alhaji Nazir ya shigo yana haki, Gwaggo ta biyo baya tana dogara bango.

"Yaya, kai ne? Me na yi maka?"

Malam Hashim ya ajiye ledar gawayi a hankali. Bai ɗaga murya ba.

"Ba ka yi min komai ba, gini ka yi. Shekara ashirin da biyu duk damina ni ke hawa rufin waccan madafar in toshe yoyo. Ni ke kwaɓa ƙasa in yaɓe bango, ni ke kwashe toka kafin in tafi makaranta. Ban taɓa jin an ce sannu ba. Kai ka zo da motar bulo rana ɗaya, yau wata guda ke nan ba a gama salla a gidan nan ba a sa maka albarka ba. Hassada na yi, ba zan ɓoye ba. So na yi a gama ginin naka a rasa abin da za a sa a ciki, kowa ya zo ya ga rumfa fayau."

"Gwadabe fa?" in ji Sufeto. "Shi me ya ci maka da ka rubuta masa sata ka sa hannu?"

Malam Hashim ya sunkuyar da kai.

Saje Ado ya je ya taho da Gwadabe. Gwadabe ya shigo da jiƙaƙƙiyar riga ta kwanan sel, ya dubi tanderun, ya dubi Malam Hashim, ya girgiza kai. Alhaji Nazir ya ce ya janye ƙara, abin gida ne.

"Tanderu naku ne, Alhaji, kana iya janyewa," in ji Sufeto. "Shaidar zur ba taku ba ce. Mutum ya kwana a sel a kanta, sunansa ya zaga unguwa. Malam, mu je."

Sun kai bakin sashen sai Gwaggo ta yi magana. Ba ta dubi ɗan nata ba, Sufeto ta duba.

"Ɗan nan, in kun tafi da shi, wa zai kafa min tanderun?"

"Ga magini nan, Gwaggo."

"A'a. Tun kafin a sa bulon farko na gaya wa Gwadabe, shi bango ne nasa. Tanderun nan hannu ɗaya na yarda ya kafa shi, na Babban, don duk gidan nan babu wanda nake kwana da shi a raina kamarsa. Ashe sai na faɗa da baki zai sani."

"Haka ta ce, wallahi," in ji Gwadabe. "Ta kuma ce kada in gaya masa sai ranar."

Malam Hashim ya juyo yana neman idon mahaifiyarsa, amma ta riga ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya ɗan tsaya, hawaye na bin gemunsa. Saje Ado ya ciro ankwa, Sufeto ya yi masa alama ya mayar. Suka sa shi a gaba, suka bi ta soro ɗaya bayan ɗaya.