Farar Gagamari

Ranar da Sumaiya ta fara ganin Muhsin, kwance yake rub da ciki a gonar tattasan mahaifinta da ke bakin kogin Komadugu. Ta ɗauka zafin rana ne ya kayar da shi, har ta buɗe gorar ruwa za ta yayyafa masa.

"Don Allah kar ki motsa," ya ce, bai ko ɗago ba. "Yanzu za ta yi tsalle."

Fara ce a kan ganye, shi kuma ya saita ta da kamera. Malami ne a jami'a, bincikensa kuwa yadda ƙwari da gizo-gizo ke tafiya. Ya miƙo mata waya ta ga bidiyon wata farar da ya ɗauka a baya, yana tafiya a hankali: fara ta lanƙwasa ƙafar baya, ta tara ƙarfi kamar mai ɗana baka, sannan ta saki. Gizo-gizo kuwa, in ji shi, da ruwan jikinsa yake miƙe ƙafa.

"Mu dai soya ta muke yi da yaji," in ji Sumaiya.

Sai a nan ya ɗago ya dube ta. Farar ta yi tsallenta ba mai kallo.

Soyayya ta ƙullu. Shi yana ce mata Gimbiya, ita tana ce masa Sarkin Ƙwari. Amma Alhaji Lawali, mahaifinta, ɗan kasuwa mutumin Damagaram, bai ga abin so ba.

"Ƙato da gemu yana rarrafe bayan fara? Wannan ne zai riƙe mini ɗiya?"

Da kyar da jiɓin goshi ya yarda Muhsin ya turo magabatansa ranar Juma'a.

Ana saura kwanaki kaɗan, Sumaiya tana kwance an ƙunsa mata lalle, sai saƙon Muhsin ya shigo wayarta. Ta roƙi Gwaggo A'i, ƙanwar mahaifinta, ta karanta mata.

"Gimbiya, ki yi haƙuri yau ba zan zo ba. Na samu wata fara a garin Gagamari, ban taɓa ganin ƙafa irin tata ba. Tun safe na kasa ɗauke ido daga kanta."

To, a rubuce kalmar ɗaya ce, murya ce ke raba farar da ke tashi da farar mace. Gwaggo kuwa da muryar farar mace ta karanta, ta kuma dafe ƙirji.

"Ƙwaro yake nufi, Gwaggo," in ji Sumaiya tana dariya.

"Ƙwaro? Kubra abokiyar aikinsa, wannan fara tas ɗin, ba 'yar Gagamari ba ce?"

Dariyar ta tsaya. Sumaiya baƙa ce, kuma tun tana ƙarama take jin mata na cewa da ta fi haka haske da ta fi kyau. Tsohon ciwon nan ne ya motsa, ta ji zafinsa har cikin ranta. Kafin lalle ya kama, magana ta kai kunnen Alhaji, ya ce a gaya wa mutanen Juma'a su sha zamansu.

Sumaiya ta rubuta wa Muhsin: "Allah ya bar ka da fararka." Shi kuwa bawan Allah ya amsa: "Amin, Gimbiya. Har na sa ta a kwalba."

Nan ta gane. Ta yi kuka ta yi dariya, ta kira shi ta ce ya zo da kwalbar tun Baba bai fita kasuwa ba.

Washegari da safe Muhsin ya durƙusa a zaure, ya ajiye kwalbar gaban Alhaji.

"Baba, ga ta nan. Ita ce ta Gagamari."

Alhaji ya dubi ƙwaron, ya dubi Gwaggo A'i, wadda ta shiga gyaran mayafi ba gaira ba dalili. Muhsin ya kunna masa bidiyon tsallen farar. Tsoho ya kalla, ya ce a maimaita, aka maimaita.

"Ikon Allah. Tun ina yaro nake korar abin nan daga gona, ban taɓa tsayawa na dube shi ba." Ya juya ga Muhsin. "Wanda ya iya haƙurin zama da ƙwaro zai iya da mutum. Su zo Juma'ar. Amma kai, in za ka yi mata magana, ka riƙa kira, ka bar rubutun nan."

An ɗaura aure bayan an kwashe tattasai, aka yi addu'a Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Da aka kai amarya, Kubra da kanta ta shigo da faranti cike da fara ta sha mai da yaji, ta dire gaban ango.

"Ga soyayyar fara, tunda ita aka ce kana yi."

Ɗaki ya ɗauki shewa. Muhsin ya tura farantin gaban Gwaggo A'i, ya juya ga Sumaiya.

"Wannan ta Gwaggo ce, ita ta gano ta. Ni tawa soyayyar ta baƙa ce."

Sumaiya ta ja mayafi ta rufe fuska, Gwaggo kuwa ta ce Allah ya yi musu albarka, bakinta cike da fara.