Shafukan da Ba a Yanka Ba

Dutse na farko ya faɗo ne rana tana gab da faɗuwa, Maman Auta tana kwashe shanya a bayan gida. Ƙwal, a kan kwano. Ta ɗaga kai, ta zagi 'ya'yan maƙwabta har da iyayen da suka sake su, ta ci gaba da ninke zanin gado. Na biyu ya faɗo. Na uku kuwa a tsakiyar falo ya sauka, kan kafet, alhali tagogi a rufe suke, silin kuma ko tsaga babu.

Auta, 'yarsu ɗaya tilo mai shekara tara, tana kwance rub da ciki tana aikin gida, dutsen ya dira bai fi taku ɗaya da gwiwar hannunta ba. Babanta yana kan kujera. Ya zabura, ya tsallake yarinyar, ya je ya baje hannuwa a gaban kabad ɗinsa mai gilashi kamar kaza a kan ƙwai. A haka matarsa ta shigo ta same shi. Ta dai dube shi, ta dubi 'yarta, ta ɗauke dutsen. Da ɗumi ta ji shi, kamar yanzu aka sake shi daga tafin hannu.

Baban Auta mai shagon tabarau ne, mutum mai sanyin magana, amma kada ka kuskura ka jingina da kabad ɗin nan. Shekara ashirin yana tara tsofaffin littattafan yara masu zane, kuma bugun farko kaɗai yake saye. Ko shi ba ya taɓa su sai da farar safar hannu. Gida cike da littattafan yara, yarinyar gidan kuwa ta gilashi take ganin bangonsu.

Sati biyu kafin wannan, ya samo wanda ya fi ƙauna a gwanjon kayan wata tsohuwar malamar makaranta da ta rasu ba magaji. Labarin wani ɗan jaki ne da yake yawo da fitila a wuya yana neman ubangidansa. A zamanin da aka buga shi, babbar takarda ake naɗewa a ɗinke, mai saye ne zai sa wuƙa ya yanka bakin shafukan kafin su buɗu. A na tsohuwar an yanka duka, ban da takwas na ƙarshe. Suna nan a naɗe yadda suka fito daga maɗaba'a, ido bai taɓa ganin cikinsu ba. Ga masu irin wannan ciwo, nan darajar take. Baban Auta sai da ya kwana uku yana kiran abokan tarinsa a waya yana ƙona musu rai.

Washegarin faɗowar duwatsun, da magariba, aka ji muryar.

Daga cikin kabad take fitowa, siririya, a hankali, irin ta mai karanta wa yaro. Tana ba da labarin ɗan jakin, ya wuce kasuwa, ya wuce gonaki, ya iso bakin wata karyayyar gada, man fitilarsa saura kaɗan. Nan sai ta tsaya. Falon ya yi tsit har ana jin firiji yana gurnani a kicin. Can sai ta koma farko.

Maman Auta ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baban Auta, fitar min da abin nan daga gida."

"Bututun ruwa ne. Iska ce ke bin sa."

"Bututun ruwan ne ya san jaki?"

Bai fitar ba. Ya dai sa littafin a leda, ya sa ledar a kwali, ya mayar, ya ƙara kwaɗo.

A rana ta huɗu, hasken yamma ya yi ja a jikin labule, aka kira Auta cin abinci ba ta amsa ba. Suka same ta tsaye a gaban kabad, goshinta manne da gilashi, numfashinta bai ko sa gilashin ya yi hazo ba. Uwar ta dafa kafaɗarta ta ji kamar ta dafa bango. Yarinyar ta juyo da kai sannu a hankali, ta dubi ubanta da idanun da ba su san shi ba, ta ce da wata murya mai kauri, "Sai kuma me ya faru?"

Daga nan ba ta ƙara cin abinci ba, ba ta ƙara kiran kowa da sunan da ta saba ba. Da rana tana kwance kamar tsumma. Rana na karkatawa sai ta miƙe ta koma gaban gilashin. Likita ya zo, ya duba, ya rubuta magani, ya fita da sauri fiye da yadda ya shigo, don tsakuwa ta faɗo cikin jakarsa tana a rufe. Kwana uku ruwa kaɗai ke shiga cikinta, shi ma da cokali. Leɓunanta suka tsage.

Maman Auta ce ta je ta ɗauko Malam da kanta. Dattijo ne ɗan siriri, ya daɗe yana wannan aiki, ba ya gaggawa. Ya cire takalmi, ya zauna a kan kafet, ya sa aka zaunar da yarinyar a gabansa, uwar tana riƙe da ita ta baya. Ya fara karatu. Duhu yana taruwa a kusurwoyin falon, ba wanda ya tuna da kunna fitila. Tsakuwa ta riƙa sauka kan kwano ɗaya bayan ɗaya, sannan da yawa, sannan ɗif.

Yarinyar ta sandare. Bakinta ya buɗe.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, bawan Allah?"

"Na kan kabad ɗin malama."

"Malama ta rasu. Me ya kawo ka jikin yarinyar mutane?"

Muryar ta dawo a hankali. "Tun tana ƙarama nake zaune a saman kabad ɗinta. Duk yamma tana karantawa da ƙarfi, ni ina ji. Ta zo gada, ta rufe, ta ce gobe. Babanta ne zai yanka mata sauran, ya fita bai dawo ba, ita kuma ta ƙi yankawa. Gashinta ya yi fari tana cewa gobe. Ni ban iya karatunku ba, ji kawai nake yi. Sai na farka na gan ni a gidan wancan mai safar hannun. Yarinyar nan ta saci mabuɗi ranar da ba ya gida, ta karanta min da daɗi. Ita ma ta zo gada ta tsaya." Yatsun yarinyar suka damƙe hannun uwarta. "To na riƙe ta. Za ta riƙa karanta min duk yamma har gashinta ya yi fari."

Malam ya shafa gemu. "An nemi jini a wurina, an nemi turare, an nemi baƙar akuya. Yau kuma karatun littafin yara. Ba za ka riƙe ta ba. Za a karanta maka sau ɗaya, har ƙarshe, ka fita ka bar gidan nan."

Nan Baban Auta ya yi abin da sai irinsu. Ya miƙe, ya buɗe durowar ƙasa, ya zaro wani sabon bugu na littafin mai ƙyallin bango, wanda ake samu a kowane kanti. "Ga shi, Malam, labarin ɗaya ne. Wannan a buɗe yake."

Bai rufe baki ba littafin ya fizge daga hannunsa ya daki bango. Yarinyar ta lanƙwashe baya har uwar ta yi ƙara. Gilashin kabad ya tsage daga sama har ƙasa.

"Ni za ka yi wa wayo? Na san warin nawa!"

Maman Auta ta ɗago, fuskarta jiƙe. Ba ta ɗaga murya ba. "Wallahi in yarinyar nan ta mutu, da littattafan nan zan rufe ka."

Baban Auta ya durƙusa kusa da Malam, ya raɗa masa. Yankan ma da sauƙi. Abin da duk masu tara irin waɗannan littattafai suka sani shi ne, an sauya ƙarshen labarin a bugu na biyu, don iyaye sun yi ƙorafin na farkon yana sa yara kuka. A sabon bugu ɗan jakin ya ga ubangidansa. A wannan kuwa, shi kansa bai san me ke ciki ba. In abin bai yi wa aljanin daɗi ba fa, ga yarinya a hannunsa?

Malam ya juya ga yarinyar. "Ka rantse da wanda ya halicce ka, ko ƙarshen ya yi maka daɗi ko bai yi ba, za ka fita."

"In ya karanta abin da ke ciki. Shi da kansa. Hannu tsirara." Idanun suka kafe uban. "Zan ga hoton da idonta. In ya ƙara, in ya rage, ba rantsuwa."

"Ka ji," in ji Malam, yana duban uban. "Kada ka gyara masa komai."

Aka rantse. Maman Auta ta miƙa hannu ta kunna fitilar tebur. Baban Auta ya buɗe kwaɗo, ya fito da kwali, ya zare leda. Yana da wuƙar ƙashi ta musamman don wannan aiki, wadda bai taɓa amfani da ita ba, ya neme ta ya rasa. Wuƙar kicin aka kawo masa, tana warin albasa. Ya ɗora littafin a cinyar 'yarsa, ya zura wuƙar cikin naɗin farko. Takardar ta yi ƙara kamar an ja numfashi, ta yage a karkace, ta cinye kunnen ɗan jakin.

Ya karanta. Ɗan jaki ya tsaya a bakin gada yana kira. Ya yanka na biyu. Fitilar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta mutu. Shafin gaba baƙi ne wuluk, ba komai sai idanu biyu ƙanana. Numfashin yarinyar ya fara fita da sauri, sanyi ya cika falon, tsakuwa ɗaya ta gangaro kan kwano a hankali har ta faɗi ƙasa.

Ya yanka na ƙarshe. Idonsa ya riga bakinsa, ya ga abin da ke rubuce, ya tsaya. Layi biyu ne kacal. Zai iya cewa ga ubangidan can yana tahowa, hoton ai hanya ce kawai da safiya, wa zai ce ba ya bayan bishiya? Ya dubi tsagaggun leɓunan 'yarsa.

Ya karanta yadda yake. Gari ya waye, ba wanda ya zo. Ɗan jaki ya sauke fitilar a bakin gada, ya juya, ya kama hanya.

"Bai zo ba?" Muryar ta ƙanƙance.

"Bai zo ba."

"Har safe?"

"Har safe."

Yatsan yarinyar ya bi hanyar da ke cikin hoton, a hankali, har bakin shafin. Hawaye ya gangaro daga ido ɗaya. "Malama ma ba za ta zo ba ke nan."

Malam ya ce, "Ba za ta zo ba."

"To a buɗe min taga."

Maman Auta ba ta saki 'yarta ba, Malam ne ya tashi ya buɗe. Labulen ya kumbura waje, ya dawo ya kwanta. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki gaba ɗaya a ƙirjin uwarta. Can waje wani ya wuce a keke yana fito, maƙwabta suna jan kujeru, abubuwan da kwana bakwai ba a ji su a gidan ba.

Auta ta buɗe ido. Ta ce, "Mama, ƙishirwa." Ta sha kofi guda, ta sha na biyu. Sai ta duba cinyarta, ta ga littafin a buɗe, bakin shafukan a yayyage kamar ɓera ya ci, ga ɗigon hawaye a kan hoton, ga babanta durƙushe da wuƙa a hannu. Ta ja baya ta shige jikin uwarta.

"Abba, wallahi ba ni na yaga ba."

Ya ajiye wuƙar. Ya matso kusa da ita.

"Na sani, Auta. Ni ne."