Ba Kowa a Dandalin Toranke

"Hindatu, amsa nake jira! Aikin Fatakwal ya samu. A ɗaura mana aure, mu tafi tare..."

Muzammil ne, jingine da kekensa na haya mai ƙafa uku. Bayan la'asar ne, muna tsaye a dandalin Toranke, filin da 'yan mata ke gaɗa. Shekara uku da suka wuce ni ke ba da waƙa ana amshi. Ranar da ya kawo fasinja daga Gaya ya ji muryata, ya kashe keken, bai tafi ba sai da aka watse.

Yanzu ƙawayena duk sun yi aure. Ƙannenmu kuwa in sun ce dandali, na waya suke nufi. Filin ma barkono ake shanyawa a ciki.

"Inna fa?" na tambaye shi. "Tun da ɓarin jikinta ya shanye, ko ruwa sai na ba ta."

"Mu tafi da ita!"

"Ɗaki ɗaya ka ce an ba ka, Muzammil."

"To yayanki..."

"Rabonsa da gida shekara biyu."

Ya sassauta murya. "Masoyiyata, zan jira ki. Ko shekara nawa ne."

Na girgiza kai. "Jiran me? Ka san abin da za mu zauna muna jira... Ba zan iya ba wallahi!"

Ya daɗe yana kallona, idonsa ya yi ja. Sannan ya tada keken.

Bayan wata takwas, ina cikin dama wa Inna kunu, wayata ta yi ƙara. A dandalin 'yan ajinmu aka saka hoton. Shi ne cikin farar shadda, da wata Zulfa a gefensa, mutane sai sa albarka suke. Ni ma na rubuta, "Allah ya ba da zaman lafiya." Na kife wayar.

Na tallafo kan Inna, na kai mata cokali. Ta kau da baki.

"Yaron nan mai keke... na daina jin sallamarsa." Da ƙyar maganar ke fita. "Saboda ni ne ko, Hindatu?"

Hawaye ya zubo min, na yi sauri na goge da gefen zane.

"A'a Inna, ni ce na ce ba na son sa."

Ta zuba min ido. Sannan ta ɗaga hannunta mai lafiya ta dafa kumatuna.

"Tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba."