Wanda Ya Taka Mini Birki

Cire iska daga birki aikin mutum biyu ne: ɗaya a ciki yana takawa, ɗaya a ƙasa yana sassauta noti. Ni kuwa ni kaɗai na rage a garejinmu na Tudun Wada bayan magariba, kwance ƙarƙashin tsohuwar a-kori-kurar Dozie, ɗan kasuwar da ya rantse da asuba zai kwashi iyalinsa zuwa Kaduna, ko birki ya ci ko bai ci ba.

Sai ga ƙafafu biyu sun tsaya daidai ƙofar direba. Ba takalmi, ba sallama.

"Malam Kailani, in taka maka?"

Ban san muryar ba. Na ce a raina ɓarawon batir ne, na janyo sifanuna kusa.

"Wa ya aiko ka?"

"Motar na sani," in ji shi.

Ƙofa ta buɗe, ta rufe. Motar da ke kuka ko kaza ta hau ta, ko motsi ba ta yi ba.

"Taka!" Birki ya sauka. "Riƙe!" Na sassauta noti, mai ya feso da kumfa, sanyi ƙalau kamar ruwan randa. Haka muka yi ta yi har kumfa ta ƙare.

"Ya yi tauri?"

"Yanzu kam ya ci," ya amsa daga cikin motar, daidai saman kaina. "Ina ma haka ya ci ran nan."

Na juya fitila don in fito. Ƙafafun nan suna tsaye a waje, inda suke tun farko.