Ruwan Leda a Firigon Gambo

Ƙarfe biyu na rana, zafin bazara ya kori kowa daga titunan Zinder, aka kira Insifekta Alkasum cewa an tsinci gawa a Sabon Gari. Ya rufe kwanon shinkafar da yake ci shi kaɗai a ofis, ya hau babur.

Mamacin Gambo ne, dattijo mai sayar da ƙanƙara. Yana kwance a bakin ƙofar shagonsa ta ƙarfe, ƙafa ba takalmi, ƙasa jiƙe. Ba mata, ba ɗa, ba wanda ya san garinsu. 'Yan unguwa sun ce zafi ne ya kayar da shi, suna son a ba su shi su kai kafin la'asar. Alkasum ya san da zarar an rufe shi, ba mai sake tambaya.

Ya buɗe hannun mamacin. Tsakiyar tafin akwai ƙuna, fara, siririya.

Tela Sha'ibu, mai shagon da ke manne da na Gambo, shi ya fara ganin gawar. Yana tsaye, hannun dama cikin aljihu.

Alkasum ya tambaye shi, "Ko kuran ne, wutar lantarki, ya ja shi?"

"Wane kuran, ranka ya daɗe? Tun asuba aka ɗauke mana."

Lalle fankar shagon Gambo a tsaye take. Alkasum ya tambayi wata tsohuwa, Bintu mai fura, yadda Gambo yake aikinsa. Ta ce kullum da hantsi yake ɗura ruwa a leda ya jera a firigo, yau ma ta gan shi. Ita kaɗai ce idonta ya yi ja.

Ya ɗaga murfin firigon, ya matsa ledar sama. Ta yi ɓawo, ta ce ƙaras a hannunsa.

"Malam Sha'ibu, ruwan da aka ɗura da hantsi ba ya daskarewa a firigon da ya mutu tun asuba. Sanyi ba ya zuwa da kansa, inji ne ke janye zafin. Wannan injin ya yi aiki har azahar."

Ya je wurin akwatin wuta na bango, ya ɗaga maɓallin da aka sauke. Fanka ta juya. A saman ƙofar ƙarfen ya ga ɗan rami sabo da ya ɓulla shagon tela, gefensa ya yi baƙi.

"Fito da hannunka."

Yatsu uku sun sale.

Sha'ibu ya zauna a ƙasa. Ya ce wata biyu ke nan da ya zaro waya a ɓoye daga layin Gambo don dutsen gugarsa. Ƙarfen ƙofa ya ci robar wayar, shi bai sani ba. Da ya ji faɗuwar, ya fizge wayar ta ƙone shi, sannan ya sauke maɓallin.

"Yana numfashi a lokacin?"

"Yana yi. Na tsaya naɗe wayar tukuna."

Alkasum ya ce wa 'yan unguwa su dakata likita ya duba, shi ma zai zo sallar jana'iza.

'Yan sanda biyu suka sa Sha'ibu a mota. Shagonsa na buɗe, ɗinkin mutane rataye. Alkasum ya ja ƙofar, ya datse kwaɗo, ya je ya zura wa Sha'ibu makullin a aljihu ta tagar mota. Sha'ibu bai ɗago kai ba. Motar ta tashi.